Gida mai jin magana ta waya: yadda zaka haɗa shi a Garwa ba tare da kuran ya sa ka kuka ba

Wani Alhaji a layinmu nan Yelwa ya dawo daga Dubai da kwali guda cike da ampul masu wifi, da ɗan lasifikar nan Alexa da ake yi wa magana tana kunna abu, ya sa yaronsa ya ɗaura su kowane ɗaki har na matansa biyu. Kwana uku ana shagali, ana canza kala daga ja zuwa kore, yara suna tsalle. Ranar na huɗu aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da magariba, kowa ya kwanta a duhu, sai wajen biyun dare aka kawo, toh dama yawancin ampul ɗin nan dabi'arsu kenan, wuta na dawowa su kama gaba ɗaya da cikakken haske ko da a kashe ka bar su, gida ya zama kamar filin ƙwallon Rumde Aja ranar wasa, jariri ya farka, uwargida ta fito tana salati. Da safe ya aiko a kira ni, yace Injiniya zo ka cire mun aljanun nan. Nace ranka ya daɗe ba aljanu bane, daga rufi ka fara gini. Ita kuwa Alexa ɗin ko Hausa bata ji balle Fillanci, sai Faransanci ko Turanci ko Larabci, yanzu haka tana cikin durowa.

Abun da ya kamata ka gane tun farko shine kayan nan an ƙera su ne da tunanin gidan da wuta bata ɗaukewa kuma intanet yana nan dare da rana. Mu nan arewa wutarmu mafi yawa daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan Binuwai, injuna huɗu ne megawat 72 tun 1982, in ruwa yayi ƙasa da rani kowa ya san abun da ke biyo baya, duk da tashoshin sola na Marwa da Gidar da aka ƙaddamar a 2023 sun rage wahalar. Saboda haka duk abun da zaka saka a gida ka fara yi masa tambaya uku: in kuran ya tafi ya dawo me zai yi, in rezo ya ɗauke me zai yi, kuma Inna da bata riƙe babbar waya zata iya kunna shi da hannu? Wanda ya faɗi ko ɗaya a ciki, bar shi a shago.

Ka fara da abun da ba'a ɗauka hoto a saka a status. Protekta na tansiyon, ɗan abun nan mai lambobi ja da ake ɗaurawa kusa da disjonkta, shine farko. Wutarmu 220 ce, amma wani lokacin zaka ga ta sauka ƙasa sosai da yamma ko ta yi sama lokacin da aka dawo da ita, kuma wannan dawowar ita ke kashe kaya. Ka seta shi ya yanke in tayi ƙasa da 180 ko ta haura 250, ya kuma jira kamar minti uku kafin ya sake ba gida wuta, firiza ma zata gode maka. Sannan a duba ko gidan yana da wayar ƙasa ta gaske, ba wadda aka rataya a bango don ado ba, a kafa ƙarfen jan ƙarfe a wuri mai danshi, a saka abun kare tsawa, don damina a nan in ta fara tsawa bata tambayar nawa ka sayi modem.

Bayan shi sai modem ɗin kansa. Shine zuciyar komai, in ya mutu wayarka bata da bakin yi wa gida magana. Juya bayansa ka karanta, galibi volt 12 ne, kuma baya cin abun da ya wuce wat goma. Akwai ƴan ƙananan batura na modem masu fitar da 5 da 9 da 12, ka sayi ɗaya ka tabbatar ka zaɓi lambar da ta dace da naka kafin ka jona. In kuma batirin dalma kake da shi, wato na 12 mai amfa 7, lissafin shine 12 sau 7 ya baka 84, ka ɗauki rabi kawai don kada ka kashe shi, kaga zai riƙe ka awa huɗu zuwa biyar. Kada ka ajiye shi a ɗakin kwano da ke tafasa, batirin dalma duk ƙarin zafi na digiri goma sama da 25 kusan rabin ransa yake tafiya, kuma ka san Garwa a watan Maris da Afrilu, arba'in wasa ne. Mai hali ya nemi litiyom irin LiFePO4, ya fi jure mana. Wurin ajiye modem kuma a tsakiyar gida, sama sama, ba cikin kabad ɗin ƙarfe ba, don kwano da katangar bulo suna shanye wifi. Wani abun da mutane basa lura: ƙaramin modem na aljihu wasu na'ura goma kawai suke ɗauka, wayoyin gida sun riga sun cinye takwas.

Toh yanzu ka zauna ka tambayi kanka me ya fi cin ranka a gidan. Ni dai a gidajen da nake shiga, daga Lainde har Jambutu, amsar kusan ɗaya ce: famfon foraj da shato, wato tankin ruwa na sama. Ko an kawo wuta cikin dare ba wanda ya tashi ya kunna, da safe ba ruwan alwala, ko an kunna an manta shato ya cika yana ta ambaliya. Nan ne wayon gida yake da amfani na gaske, kuma nan ne na taɓa tafka kuskuren da har yau in na tuna sai na ji kunya.

Na sayi ɗan akwatin wifi mai amfa 10, nayi lissafi nace 10 sau 220 ai wat 2200 kenan, famfona doki ɗaya ne wajen wat 750, ai ko rabi bai kai ba, na jona shi kai tsaye. Abun da ban saka a lissafi ba shine mota in zata tashi tana fizgar wuta ninki uku zuwa shida na ɗan lokaci. Wata biyu yana aiki lafiya, ashe duk kunnawa bakin rilen ciki, ɗan ƙarfen da ke haɗa wuta ya yanke, yana ɗan ƙonewa, ranan nan ina kasuwa na danna kashe, waya ta nuna mun an kashe, ashe ƙarfen ya narke ya manne. Ruwa ya zuba tun azahar har la'asar, ya bi ta ƙarƙashin katanga ya jiƙa ginin ƙasa na maƙwabci inda yake ɗaure tumaki. Bawan Allah bai yi faɗa ba, cewa kawai yayi, maƙwabci ashe yanzu da waya ake yin damina? Laifina ne ba na akwatin ba, kuma ni na biya magini.

Ga yadda ake yi daidai. Ka sayi kontakta, wato babban rile, a shagon kayan wuta, mai nadin 220, amfa 18 ko 25 ya ishi famfon gida. Shine ƙaton da zai ɗauki nauyin, ɗan akwatin wifi aikinsa kawai ya taɓa kafaɗarsa yace tashi. Wuta daga disjonkta na famfo ta shiga manyan bakunan kontakta na sama, ta fita ta ƙasa ta tafi famfo. Akwai wasu ƙananan baki biyu da aka rubuta A1 da A2, sune nadin. Nutur ya tafi A2 kai tsaye. Faz kuma ya fito daga akwatin wifi, ya bi ta flota, makunnin nan mai yawo a saman ruwa da ke cikin shato, sannan ya shiga A1. Kaga kenan ko ka bada umarni daga Marwa, in shato a cike yake flota ya ɗaga ya yanke hanya, famfo bazai tashi ba. Flota ɗin wayoyi uku gare shi, kada ka dogara da kala don kowane kamfani da nasa, ka ɗauki mita ka nemo biyun da suke haɗewa lokacin da kansa ke rataye ƙasa, sune naka, na ukun ka naɗe shi da salatif. Sai makunnin hannu na bango, ka haɗa shi gefe da gefe da akwatin wifi amma kafin flota, yadda mai gida da ƴar aiki da yaro kowa zai iya kunnawa kuma flota yana nan yana gadi. Gaskiya in kuɗinka kaɗan ne flota da kontakta kaɗai ka saka ka manta da wifi, sun magance rabin matsalar ba tare da mega ko ɗaya ba.

Sannan ka tsaya da agogo ka ga minti nawa shato yake ɗauka ya cika daga ƙasa. In talatin ne, ka shiga manhajar ka saka masa ya kashe kansa bayan minti talatin da biyar duk lokacin da aka kunna. Wannan zai cece ka da bazara lokacin da ruwan foraj ya ja baya, don famfo in yana juyawa ba ruwa ƙonewa yake, kuma shato bazai taɓa cika ba balle flota ya tsayar da shi. Kuma don Allah kafin ka taɓa waya ka sauke disjonkta ka gwada da testa, in akwai sola da inbata a gidan shima ka kashe shi don wuta na iya biyowa ta baya. In baka taɓa ɗaura ko makunni ba ka kira mai aikin wuta ka nuna masa wannan bayanin, kai ka tsaya a ɓangaren waya.

In famfon a lambu yake ko gona bakin Binuwai inda ba wifi, akwai abun da ya fi dacewa da mu: akwatin sim irin RTU5024 da aka yi don buɗe get. Ka saka masa layi, ka cire lambar PIN, ka tura masa saƙo da lambobin da ka yarda da su, shikenan duk wanda ya yi masa bip a cikinsu sai ya katse kiran ya kunna rile, kredi baya tafiya. Mu da muka ƙware a bip ai an zo gidanmu. Yana aiki da ƙaramar waya mai madanni, 2G ya ishe shi. Ka dai canza kod ɗin da ya zo da shi, ka riƙa saka wa layin ɗan kredi lokaci lokaci kada a rufe shi, kuma shima ta kontakta zai bi.

Wajen haɗa akwatin wifi da waya nan ne mutane ke zufa a banza. Yawancin na kasuwa ko dai na Tuya ne masu amfani da Smart Life, ko Sonoff mai amfani da eWeLink, ka zaɓi gida ɗaya ka tsaya a kai kada wayarka ta cika da manhaja biyar. Kusan dukkansu wifi na 2.4 kawai suke ji, in modem ɗinka yana bada 2.4 da 5 a suna ɗaya ka shiga ka raba su ko ka kashe na 5 na ɗan lokaci. Kunna Bluetooth da lokeshan, danna maɓallin akwatin ka riƙe kamar daƙiƙa biyar har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri, ka tsaya kusa da modem ka gama komai kafin ka je ka ɗaura shi a bango. Yana shiga abu na farko da zaka nema shine wurin da ake zaɓa masa halin da zai kasance in wuta ta dawo: a kunne, a kashe, ko yadda aka bar shi. Fitilar ɗaki a kashe ko yadda aka bar ta, da Alhaji ya san wannan da an yi barci lafiya. Firiza a kunne. Famfo mai flota nima a kunne nake barin shi, ko ƙarfe ukun dare aka kawo wuta ya cika shato kowa na minshari. Ka saka musu suna da Hausa yadda kowa zai gane, fitilar zaure, fankar Inna, famfo. Ranar da zaka canza modem kuma ka ba sabon suna da fasuwod irin na tsohon sak, duk zasu koma da kansu ba sai ka bi su ɗaya ɗaya ba.

Maganar fitila ni shawarata ka bar ampul ɗinka na LED na yau da kullum, wayon ka saka shi a bayan makunni. Ampul mai wifi da zarar an kashe makunnin bango ya mutu, waya bata ganinsa, kuma a gidanmu wa zai hana a taɓa makunni? Sai dai ka buɗe ka duba, yawancin gidajenmu faz kawai ake kaiwa makunni ba nutur, kuma akwatin yana buƙatar duka biyun, toh ko a ja sabuwar waya ko a ɓoye shi a sama inda wayoyin suka haɗu. Na taɓa saka wa mahaifiyata makunnin gilas da ake shafawa, ta kalle shi tace kai ɗan nan, ni abun da baya cewa ƙas ban yarda ya kashe ba, mayar mun da nawa. Na mayar, na ɓoye akwatin a baya, yanzu tana danna abunta nima ina gani a waya, kowa ya huta. Fitilar ƙofar gida kuwa ba ruwanta da intanet, ɗan idon nan mai gane duhu ka saka mata, don da yawa daga akwatunan wifi in wuta ta ɗauke ta dawo ba rezo basu san ƙarfe nawa ba, jadawalin ya rikice.

Ka kula da bakin soket in zaka saya. Kayan da ke shigowa ta Mubi da Yola yawanci masu ƙafa uku ne masu kusurwa irin na Ingila, namu kuma zagaye ne irin na Faransa, in ka cika adafta kan adafta nan wuta ke fara ɗumi. Soket mai auna cin wuta guda ɗaya ya isheka, ka riƙa zagayawa da shi. Mai kontar kati zai sha mamaki, ni sai da na jona shi a firizar da madam ke yin ƙanƙara da zoɓo na gane robar ƙofar ta saki, injin baya hutawa kwata kwata, ashe nan kuɗin ke zurarewa muna ta zargin ayan guga.

Kyamara kuma abu biyu ne, data da mutunci. In tana turo hoto a megabit ɗaya cikin daƙiƙa, awa ɗaya mega 450 kenan, yini guda ya haura giga goma, wane forfe ne zai ɗauka? Ka sayi mai cin memori ta riƙa ajiyewa a ciki, kai kuma ka leƙa in da dalili, a ƙaramin hoto. Rage mata saurin jin motsi, in ba haka ba kowane ƙadangare da akuya da ƙwaron da ke bin haskenta da dare sai wayarka tayi ƙara. Canza fasuwod ɗin da ta zo da shi a ranar, don a 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai da irin fasuwod ɗin kamfani ta kame dubban kyamarori a duniya. Sannan ka fuskantar da ita get da zaure da wajen ajiye babur. Tsakar gida wurin mata ne, suna wanki suna shan iska ba mayafi, hoton nan kuma ta kwamfutar wasu a wata ƙasa yake bi kafin ya iso wayarka. Kada ta leƙa gidan maƙwabci ko da kusurwa. Kuma ka faɗa wa mutanen gida akwai ta, in mata biyu ne ka ba kowacce iko da ɗakinta ta hanyar rabawa a manhajar, kada ka miƙa wa ɗaya fasuwod ɗinka ka jawo wa kanka shari'ar da alkali bazai iya ba.

Ku kuma samari masu gyaran waya da ƴan lise teknik, ku ne nake so ku wuce saye ku fara ƙerawa. Abun da ke cikin da yawan akwatunan nan ɗan guntu ne na kamfanin Espressif da ke Shanghai, ESP8266 da ya fito a 2014 da ƙaninsa ESP32 na 2016, ana sayar da su a allo kamar ɗan yatsa. Ka haɗa ESP32 da na'urar auna nisa mai jure ruwa irin JSN-SR04T a murfin shato, ka rubuta masa ƴan layuka da ESPHome, zai riƙa gaya maka ruwa ya kai kashi nawa. Ka saka Home Assistant, manhajar sarrafa kayan gida, a ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfutar da ke kwance, kyauta ne, kuma komai a cikin gida yake juyawa, ko rezo ya ɗauke sati guda dokokin da ka tsara suna tafiya muddin modem na bada wifi. Wannan ba ƙaramin abu bane, a Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka mai ƙera irin kayan nan ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhajarsu bata aiki. In zaka sayi sabon kaya kaga an rubuta Zigbee ko Matter a kwalin ka fi ba shi muhimmanci, don suna iya aiki a cikin gida ba sai sun kira China ba. Abun da muke buƙata a nan, kamar mai tura saƙo in kuran ya dawo, ko mai ba firiza da famfo wutar sola da tsakar rana lokacin da batir ya cika, ba wanda zai zauna a Shenzhen yayi tunaninsa dominmu.

In ka gama ɗaurawa kada ka tattara kaya tukuna. Sauke babban disjonkta, ƙirga ashirin, mayar, ka zagaya ka ga me ya kama me bai kama ba bayan minti ukun protekta. Cire sim daga modem ka danna kowane makunni da hannu. Hau shato ka ɗaga flota da sanda kana jin ƙarar famfo, dole kontakta yace ƙwas ya tsaya nan take, in bai tsaya ba ka sauko ka sake duba A1. Sai ka rubuta sunan wifi da fasuwod da zanen wayoyin a takarda ka manna cikin murfin akwatin disjonkta, ka kira ƙaramin yaron gidan da ya fi kowa ɓarna kace ya kunna famfo ya kashe kana kallo.